Giɓin Maharazu

Zakiyyu ya shigo Garun Bappa da sabuwar malafa da kyamara rataye a wuya, yana waige-waige kamar bai taɓa jin sunan garin ba. Ƙarya ce kuwa. Tun yana ƙarami yake jin sunan a bakin mahaifinsa, kuma mahaifin ne, daga gadon jinya a Jos, ya ce masa, "Je ka gano mini ko ana tunawa da mu. Amma kada ka ce kai jikan Maharazu ne." Bai faɗi dalili ba.

Garin yana can bayan Saji a gindin duwatsu, ganuwar jar ƙasa ta zagaye shi, ƙofarsa ɗaya tal. Zakiyyu ya bar mota a hayin rafi ya tsallako da ƙafa, ruwan ko idon sawu bai kai ba. Malam Ramalan, malamin allo, shi ke zagayawa da baƙi in an tashi karatu. Yana tafe yana shafa ganuwar yana bayani: kowane gida da rabonsa, in damina ta wuce sai su kwaɓa laka su yaɓe nasu, haka aka gada.

Ta gabas suka tarar da wurin da ganuwar ta zube, faɗinsa ya kai taku goma, awaki na shige da fice abinsu. Zakiyyu, uban iyayi, har da durƙusawa don hoton ya yi kyau.

"Malam, nan fa?"

"Giɓin Maharazu ke nan. Rabon gidansu ne. An yi masa shari'ar gona bai ji daɗi ba, ya kwashi iyalinsa ana tsakar yaɓe. Shekara sittin ke nan."

Zakiyyu ya sauke kyamarar a hankali.

Ana idar da azahar hadari ya taso, ruwa ya kece. Kafin la'asar rafi ya cika ya batse har bakin ƙofa. Ga motarsa can yana hango ta, amma ina. Malam ya ce sai gobe, in ba a ƙara wani ruwan ba, sannan ya kai shi fakewa a zauren da ke daf da giɓin, gidan wata tsohuwa, Inna Jumai.

Fakewar ma dai suna ce. Duk ruwan da ya gangaro daga duwatsu ta giɓin yake kwararowa, ya bi tsakar gidan, ya taru a zauren. Tsohuwar tana duƙe da tsohon kwano tana kwasa tana watsarwa waje, ba ta ko tsaki. Zakiyyu ya raɓe a bango, takalmi a hannu. Kunya ta rufe shi, kuma ba inda zai sa kansa: baya ganuwa, gaba rafi, ga wannan baiwar Allah. Da abin ya ishe shi sai ya juye haushi.

"Inna, gari guda a rasa mai toshe wannan? Aikin kwana biyu ne fa."

"Na kwana ɗaya ma," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Rumbun babana biyu ruwan nan ya ci. Amma ba a taɓa rabon wani, ɗan nan. Ranar da muka ɗora masa laka, mun ce gidan Maharazu ya ƙare, ba magaji. Wa ya kawo mana labarin sun ƙare?"

Da zaginsu ta yi da ya fi masa sauƙi, wallahi. Ya zo da shirin jin an manta da su, ko an tsine musu, ya ɗauki hotunansa ya koma. Bai zo da shirin a ce ana jiransu ba.

Malam Ramalan ya leƙo, ya ce in sauri yake akwai hanya: ya fita ta giɓin, ya bi kan duwatsu, zai ɓulla hanyar Kahu ya sami babur.

Zakiyyu ya fita cikin yayyafi ya tsaya a bakin giɓin, hannu ɗaya a ƙeya. Taku goma ne ya rabu da garin, ba wanda ya san shi.

"Shi ma Maharazu ta nan ya bi," in ji Inna Jumai daga ƙofar zaure. "Ina yarinya, ina kallo. Haka ya tsaya, hannu a ƙeya. Tun da ka shigo nake ganin tsayuwar nan."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Mahaifinsa ne, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka isa? Sun toshe wurin?"

Ashe ya sani.

"Ba su toshe ba, Baba. Sun bar mana."

Sai Zakiyyu ya ji tsohon yana kuka. Ya juyo ya koma zauren. Inna Jumai ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu, ta miƙa masa kwanon.

"Ungo," ta ce. "Ruwan gidanku ne."