Ina Sauran Fim Ɗin?

Horace Clegg bai taɓa shiga silima ba sai ranar Asabar ɗin nan, da ya ajiye keken dokinsa na gawayi ya wanke wuya. 'Yarsa Muriel, mai aiki a shagon huluna, ta fara fita da Aubrey, ɗan mai masaƙar garin, kuma duk faɗan da ya yi amsarta ɗaya ce: "Baba, zamani ya sauya. Je ka silima ka gani."

To, ga shi ya zo gani.

Ya zauna a bencin gaba cikin hayaƙin taba. A fim ɗin, wani ɗan masu kuɗi ya ɓad da kama, ya faɗa cikin kwandon kifi, wata mai sayar da furanni ta ciro shi. Jama'a sai dariya. Da uwar saurayin ta ji yana son yarinyar ta suma, ta farfaɗo, ta sake suma. Daga nan ya kama hannun yarinyar, fitilun silimar suka kama.

Horace ya tare mai karɓar tikiti.

"Malam, ina sauran?"

"Sauran me, tsoho? Ya aure ta, shi ke nan."

"Ban ga ɗaurin aure ba. Uban yarinyar fa, an gayyace shi?"

"Ita ba ta da uba. Matsa, kana shafa mana baƙi a bango."

Ya isa gida yana huci. Matarsa Hilda na zuba shayi, Muriel na goge rigarta mai ruwan toka.

"Na gano abin naki," ya ce wa Muriel. "Daidai inda wahala za ta fara suka yanke shi. Ko uba ba su bar wa yarinyar ba, don kada ya yi tambaya."

"Kai dai ka iya ɓata wa mutane daɗi," in ji Hilda. "Sha shayinka."

Muriel ta ɗaga kai. "Gobe Aubrey zai kai ni gidansu, Baba. Ka ga ba wasa yake yi ba."

"Madalla. Uwarsa ta san da zuwanki?"

"Sun tafi bakin teku, sai jibi."

"Ta wace ƙofa ya ce ki shiga?"

Dutsen gugar ya tsaya.

"Ta lambu," ta ce a hankali. "Wai ta fi kusa."

"Ta nan nake sauke musu gawayi, 'yata."

Hilda ce ta fara jin ƙauri, ta fizge dutsen daga kan rigar.