Takardar da Ba Ta Samu Ɗigo Ba

"Ban taɓa gyara rahoton nan ba, Ramiro," in ji Dokta Eusebio Arancibia, masanin ƙwari. "Shekara shida ke nan."

Ramiro, mai zanen gine-gine, yana tsaye a bakin kasuwar Sucre yana tsotse romon salteñarsa, wani soyayyen ƙulli na fulawa mai nama da romo a ciki. "Haba Dokta, da hantsin nan? Bari mutum ya ci abinci. Wa ke karanta rahoto in ba ɓera ba?"

Eusebio ya san mai karantawa. Nélida Yampara ta nemi aikin koyarwa a wata jami'a, kwamitin ɗaukar malamai ya karɓi rahoton, gobe kuma zai zauna.

Shekara shida baya, su tara aka haɗa, har da shi da Ramiro da Nélida, kowa da fanninsa, domin su kori binchuka, ƙwaron da ke ɓuya a tsagin bango yana jawo wa mutane ciwon zuciya. Don kada babba ya danne ƙarami, aka kawo musu sabon tsari: a je ƙauye a saurari mutane, kowa ya rubuta shawararsa a 'yar takarda ba suna, a manna a bango, sannan kowa ya liƙa ɗigo uku na takarda mai gam a kan abin da ya zaɓa.

Nélida, mai nazarin zamantakewa, ita kaɗai ta yi mako uku a ƙauyen. Takardarta ta ce mata suna kwana da kajinsu a ɗaki don tsoron yanyawa, saboda haka a fara gina akurki kafin a shafe bango. Ba suna, amma Eusebio ya gane rubutun.

"Da digirina uku zan koma ginin akurki?" ya ce. Aka yi dariya. Shi ya fara miƙewa ya liƙa ɗigonsa a kan shafen bango, sauran suka bi hannunsa da ido, sannan da nasu ɗigon.

Aka shafe ɗaki ɗari biyu. Kafin damina ta biyu ƙwaron ya dawo ta makwancin kaji, ƙarƙashin gadaje. Eusebio ya rubuta a rahoto cewa ɓangaren zamantakewa ne bai fahimci mutanen ba. Ba a sabunta wa Nélida aiki ba.

"Kai ma ka yi dariya ranar," Eusebio ya ce wa Ramiro a bakin kasuwar.

"Na yi mana. Kai ne shugaba. Da ka ce a shafe kajin ma da siminti, nan ɗigona zai je." Ramiro ya goge yatsunsa. "Bar zancen, tsoho. Ko ka rubuta gyaran ba za ta gaishe ka ba."

Eusebio ya koma ofis ya rubuta wa kwamitin rabin shafi: jimlar da ke shafi na arba'in da ɗaya na rahoton ƙarya ce, shawarar da ta dace ta Nélida ce, shi ya sa aka watsar da ita. Ya sa hannu, ya kai da ƙafarsa. Sakatariyar kwamitin ta buga hatimi ba tare da ta ɗago kai ba.