Gidan da Mang Teroy Bai Sayar Ba

Mang Teroy bai taɓa karɓar ko peso ɗaya a kan gidansa ba, amma takardar da ke ofishin filaye na lardin Batangas cewa ta yi ya sayar.

Niyyarsa tun farko ita ce ya ba 'yarsa gidan kyauta. Autarsa Luningning ita ta zauna ta yi jinyar uwarta har ƙasa ta rufe ta, yayanta Berting kuwa tun da ya koma garin Lipa sai Kirsimeti ake ganinsa. Wani lauya da suke zuwa kallon faɗan zakaru tare shi ya karkatar da shi. Ya ce a lokacin harajin kyauta ya fi na ciniki nauyi, ga shi kuma kyauta ana lissafa ta cikin gado, ran da ya mutu Berting zai iya tayar da magana. Ciniki kuwa in an gama an gama. Uba da 'ya suka ɗaga hannu suka rantse an biya kuɗi, aka buga hatimi. Da labari ya isa Lipa, sai Berting ya daina zuwa Kirsimetin ma.

Ba wanda ya kawo a ransa 'ya za ta riga uba. Ciwon nono ya ɗauke Luningning, ta bar mijinta Efren da tsoho a gida ɗaya.

Efren ba mugu ba ne, wannan ya fi komai cin ran Mang Teroy. Shi ya yi ta ɗawainiya da ita a asibiti, shi ke dafa masa kofi kullum safe. Sai ranar da aka cika shekara, aka tuɓe baƙin kayan makoki, baƙi suka ci taliya suka watse, sannan ya zauna a matakalar katako ƙasa da surukinsa, ya ce zai yi aure. Matar kuma ta ce ba za ta kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da uban marigayiya ba.

“To ka nema mata wani rufin mana,” in ji tsohon.

“Baba, wannan ɗin nawa ne. Ni ma ban sani ba sai da na je canza suna a takardar gidan.”

Haka lauyan ya tabbatar wa tsohon, yana ta goge tabarau don kada su haɗa ido. Da kyauta aka rubuta, da gidan na Luningning ne ita kaɗai, uba ya gaji rabi. Amma abin da mace ta saya tana da aure na miji da mata ne, Efren na da rabi tun tana raye, ga gadonsa a kan sauran. Abin da ya rage wa tsoho bai kai ya hana a sayar ko a raba ba. Hanya ɗaya ce, ya shiga kotu ya ce cinikin ƙarya ne.

Ya daɗe yana juya maganar. A kotu za a karanta sunan Luningning a matsayin wadda ta yi rantsuwar zur, ba ta da bakin kare kanta. Berting kuma zai ji daga bakin alƙali cewa ba talauci ya sa ubansa sayar da gida ba, dabara aka ƙulla don a cire shi. Wanne ya fi sauƙi, ɗanka ya ɗauke ka mai cin kuɗi shi kaɗai, ko ya san ka zauna ka shirya hana shi gado? A ƙarshe bai je kotu ba.

Efren da kansa ya ɗora wa tsohon akwati a mota, ya kama hannunsa ya kai goshi don girmamawa kamar yadda ya saba.

A Lipa, Berting ya buɗe ƙofa, ya dubi akwatin kafin ya dubi ubansa.

“Kuɗin gidan fa, Baba? Har sun ƙare?”

“Sun ƙare,” in ji Mang Teroy.

Berting ya ɗan matsa gefe, daidai yadda mutum ɗaya zai iya wucewa.