Fentin Bangon Waje

Da hantsi ne, hadari ya haɗo ta gabas, iska tana kaɗa buhunan siminti. Masu fenti suna zaune a kan bokitansu a gindin sabon gini, suna jiran Oga.

Dogo ya matsa kusa da Kawu, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya koya masa riƙe buroshi.

"Kawu, in muka shafa bangon waje yau, ruwa zai wanke shi. Kai ka fara faɗa, ni zan mara maka baya."

Shi Oga ba ya yanke magana sai ya tambayi kowa, daga babba zuwa ƙarami. Sai dai kowa fuskarsa yake karantawa kafin ya buɗe baki. Ran nan ya iso fuska a murtuke, don mai gida ya dame shi da waya.

"Waje ko ciki? Dattijo, fara."

"Ciki," in ji Kawu. "Dubi sama."

Oga ya yi tsaki. Mai haɗa kala ya ce waje. Na kusa da shi ma ya ce waje. Da aka zo kan Dogo, sai ya tsura wa yatsun ƙafarsa ido.

"Waje," ya ce, murya can ƙasa.

"To, ko ɗanka bai bi ka ba!" in ji Oga. Aka kwashe da dariya.

Kawu bai ko waiwayo ba. Ya ɗauki bokitinsa ya yi gaba.

Kuma ruwan bai zo ba. Hadarin ya watse, rana ta take. Duk wanda ya gifta sai ya ce, "Dattijo, in kawo maka lema?" Kawu sai murmushi. Dogo kuwa kowace dariya kamar a bayansa ake tsula ta. Da aka tashi cin abinci ya ce ba ya jin yunwa, ya haye tsani, don can ne kawai ba za su haɗa ido da Kawu ba.

Yana miƙa hannu zuwa ƙarƙashin rufi sai tsanin ya fara zamewa a kan yashi. Ya ƙanƙame shi. Sai kuma tsanin ya tsaya cak.

Ya leƙo. Kawu ne ya taka ƙafar tsanin, yana cin abincinsa a tsaye, idonsa a kan titi.

Dogo ya juya ga bango. Ya tsoma buroshi ya ci gaba da shafa.