Tarar Motar da Ba Ta Tashi

Mijinyawa ya riga ya sayar da firji, ya raba wa maƙwabta tukwanen matarsa, sai ga saƙo a wayarsa daga 'yan sandan hanya. Yana zaune a kan kwali a tsakiyar ɗakinsa na unguwar Manfuha ya karanta. An ci shi tara, wai an tare motarsa a hanyar Kharj tana yawo ba inshora. Ya kuwa san doka: muddin da tara a kan iƙamarsa, wato katinsa na zama a ƙasar, ba za a ba shi bizar fita ta ƙarshe ba.

Ya sake duba lambar motar. Tasa ce, tsohuwar farar Karisidarsa. Sai dai motar nan ta yi shekaru a kwance bayan garejin abokinsa Saidou a Utaiƙa, ko inji babu a cikinta.

A 2018 ke nan. Tun bara, da aka sa wa iyalan baƙi haraji, matarsa Zuwaira ta koma Gusau da yara. Shi ya tsaya ya ƙarasa kwantiraginsa na tuƙi a wani kamfanin gine-gine. Ya kira ta ya gaya mata abin da ya faru.

"Abban Khairat, don Allah ka biya ka taho," in ji ta. "Yara kullum sai sun tambaye ni yaushe za ka zo."

"Zuwaira, tun ranar da na sayi motar nan har ranar da ta mutu, ban taɓa barin inshorarta ta ƙare ba. Ke shaida ce. In na biya, na yarda ke nan na yi abin da ban yi ba."

"Wa zai sani? Gida fa za ka dawo."

"Ni zan sani."

Ta yi dariya. "To, in ka je ka gaishe min da Karisidar."

Washegari ya tafi ofishin 'yan sandan hanya, ya bi layi har ya kai gaban wani saurayin jami'i. Ya yi masa bayani da Larabcinsa na titi. Saurayin ya duba kwamfuta, ya ce abin da ke rubuce shi ne an tsayar da mota mai wannan lamba, mai tuƙin ya ce ya manta takardunsa a gida, aka rubuta laifin a kan mai motar.

"Kowa ya zo nan cewa yake ba shi ba ne, ya hajji. Kawo hujja."

Daga nan Utaiƙa ya wuce. Saidou mutumin Maraɗi ne, makaniki, kuma tare suka yi zaman ɗaki ɗaya da Mijinyawa kafin kowa ya kawo iyali. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, suka zaga bayan gareji.

Tana nan inda suka tura ta. Tayoyin sun zauna a ƙasa, rana ta mayar da fenti ruwan madara, wata kyanwa ta haihu a kujerar baya. Saidou ya duba gaba, ya koma baya, sai ya tsaya.

"Malam, zo ka gani. An kwance lambar baya."

Ramuka biyu ne kawai a wurin. Wani ya bi ta lungu ya cire, ya ɗaura wa tasa motar, ba wanda ya lura.

Mijinyawa ya buɗe ƙofar direba da ƙyar, ya zauna. Har yanzu da ɗan ƙamshin turaren da Zuwaira ke zubawa a cikin mazubin tokar sigari, tunda shi ba ya shan taba. Ya riƙe sitiyari. A lokacin da ya sayi motar nan, Hausawan layinsu ba mai mota sai shi. Ita ke kai mata asibiti in naƙuda ta tashi, ita ke ɗauko baƙi daga filin jirgi. Ran Juma'a bayan la'asar, in sanyi ya shigo, sai a cika ta da yara da tabarmi da tukunyar dambu a nufi Thumama can bayan gari, maza su hura gawayi, yara su yi ta gangarowa daga tudun yashi suna ihu da Larabci, iyaye mata na ce musu su yi Hausa. Sun je Umara a cikinta, ta yi zafi a wajen Ɗa'if, suka zauna bakin hanya suna shan shayi har ta huce, Zuwaira na fifita ta da mayafi ana dariya. Mutanen da suka zauna a kujerun nan yanzu sun watse, wasu Kano, wasu Damagaram, biyu suna kwance a maƙabartar garin nan.

Ya daɗe da sanin dole ya sauke motar daga sunansa kafin ya tafi. Kullum yana cewa gobe.

"In ɗauki hoto in kai musu?" ya tambaya.

"Hoto? Cewa za su yi na wata ce," in ji Saidou. "Mu kai musu ita da kanta."

Saidou ya kira wani ɗan Sudan mai motar ɗaukar motoci. Suka kwashe kyanwa da 'ya'yanta suka sa a kwali, aka ja Karisida da sarƙa tana ƙugi har ta hau. Su ukun suka matsu a gaba. Suka bi ta Ulaisha, inda aka haƙe tituna saboda aikin jirgin ƙasa. Mijinyawa yana ta nuna wa Saidou wurare kamar baƙo: nan ne shagon ɗan Yaman da ke gasa musu burodi, yanzu ana sayar da wayoyi; can ne gidan da aka yi sunan Khairat, an rushe. Lokaci lokaci yana waiwayawa ta gilashin baya ya ga motar na rangaji.

Da suka isa ofishin, saurayin jiya ya leƙo ta taga, ya riƙe baki, ya je ya kira babbansa. Wani dattijon jami'i ne mai furfura a gemu. Ya zaga motar a hankali, ya sa aka ɗaga murfin gaba, ya ga wayam sai busassun ganye. Ya duba ramukan lambar baya, ya duba lambar jikin motar, ya gwada da takardunta. Sannan ya ɗora tafin hannu a kan ƙofa.

"Irin wannan mahaifina ya yi," ya ce. "Fara, haka. A cikinta na koyi tuƙi, a bayan gari. Ya mare ni a kan sa giya ta biyu." Ya juyo wajen Mijinyawa. "Shekara nawa ta yi maka?"

"Ta goyi 'ya'yana duka, ranka ya daɗe."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce a rubuta rahoton satar lamba, a haɗa da ƙorafinsa, ya sa hannu da kansa. Ya ce ba yau za a soke tarar ba, sai kwamiti ya zauna, amma ya je ya kwantar da hankalinsa. Ya kuma shawarce shi tunda motar na bisa, ya wuce da ita tashlihi, wurin da ake farfasa tsofaffin motoci, a sauke ta daga sunansa gaba ɗaya.

Haka aka yi. A tashlihin Ha'ir, cikin dubban motocin da aka jibge kan juna, wani yaron shago ya zo da abin kwance kusa zai cire lambar gaba. Mijinyawa ya karɓa ya kwance da kansa. Bai tsaya ganin inda za a ajiye ta ba.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo cewa an soke tarar. Ya tura wa Zuwaira hoton saƙon, ta amsa da tambayar ranar jirgi.

Ranar tafiya Saidou ne ya kai shi filin jirgi a motar wani da ya kawo gyara bai zo ɗauka ba. Da aka sauke jakunkuna, Saidou ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Yanzu ran Juma'a wajen wa zan ci tuwo?"

"Kai ma ka haɗa kayanka mana. Maraɗi da Gusau ai ba nisa."

"Sai baɗi, in Allah ya so."

"Haka ka ce bara."

Saidou ya yi dariya, ya goge ido da bakin rawaninsa. Wani ɗan sanda ya busa masa usur don ya matsar da mota, Saidou ya shiga da sauri. Mijinyawa ya tura kayansa ya shiga layin masu zuwa Kano.