Kyanwar Ungozoma Ta Yi Kwanika

"Riƙe mata ƙafafun gaba, amma kar ki matse ta," in ji tsohuwar.

Tela ta durƙusa a bakin ƙofa ta riƙe Gimbiya, kyanwar tsohuwar, almakashinta na rataye a wuya. Tsohuwar, wadda duk layin ke kira Ungozoma saboda shekara talatin da ta yi a ɗakin haihuwa kafin ta yi ritaya, ta sunkuyo daga kujerarta da ƙyar. Ta lumshe ido, ta bi cikin kyanwar da yatsu biyu a hankali. Can ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Gimbiya, ba ki da kunya! Ciki ne, 'yar nan. Kwanika ta yi."

"Haba Inna, da goyo biyar a gabanta?"

"Su ba sa jiran yaye. Ranar da ta tsallake katanga ta wuni a waje na ce akwai magana."

Tela ta saki kyanwar, abin ya dame ta, domin biyu daga cikin biyar ɗin ita ta jajibo su. Kwana goma da suka wuce ta je sayen zare, ta tarar da su, ɗaya baƙi ɗaya fari, a kwali bayan wani shago, mota ta take uwarsu, idonsu ma bai gama buɗewa ba. Ta kawo su gidan hayar da suke zaune, ɗakinta na kallon na tsohuwar. Ungozoma ta goge su da tsumman da Gimbiya ke kwana a kai don su ɗauki ƙanshinta, ta cusa su tsakanin 'ya'yanta uku. Gimbiya ta shinshina, ta yi kamar za ta tashi, sannan ta hau lasarsu.

Amma kwana biyun nan ta fara ture su duka, ta haye saman akwati ta juya musu baya.

"Nonon ne ke ja baya," in ji Ungozoma. "Nata sun yi ƙwari, za su ci a faranti. Naki biyun ne abin ji, musamman baƙin nan. Dubi haƙarƙarinsa."

Tun daga ranar aikin Tela ya ƙaru. Ta sayo madarar gari ta 'ya'yan kyanwa a shagon likitan dabbobi, domin tsohuwar ta ce madarar shanu zawo take sa su. Ungozoma ta ba ta ƙaramin sirinji marar allura, ta zauna tana ba da umarni kamar ta koma bakin aiki.

"Rub da ciki za ki kwantar da shi, ba rigingine ba. Jaririn mutum kika samu? Ɗigo ɗaya, ki jira ya haɗiye. Yauwa. Yanzu jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa masa ƙarƙashin wutsiya, in ba haka ba ba zai yi fitsari ba."

"Inna, ni da ko 'yar tsana ban taɓa raino ba."

"Ai ga shi kin fara da mai gashi."

Duk bayan awa uku Tela ke tsayar da keken ɗinki ta tsallako. A wannan zirga-zirgar ce ta lura da abin da da can ba ta gani ba. Ƙafafun tsohuwar sun kumbura har silifas ba ya shiga. Ta daina kwanciya a gado, a kujera take barci da filo uku a baya. In ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya ta nemi numfashi. Ɗanta, injiniya a wani gari mai nisa, ya daɗe yana roƙon ta koma wurinsa kusa da babban asibiti. Kullum a waya takan ce masa, "Garau nake. Marasa lafiya ma gare ni a hannu."

Ranar Laraba da hantsi Tela ta ga leɓen tsohuwar ya yi duhu. Ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa, ta daɗe tana jujjuya waya a hannu. Ta san Ungozoma ba ta son a shiga mata hurumi. Ta kira ɗan, ta faɗa masa komai.

Da ta dawo da sirinji, tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Ke kika kira shi."

"Ni ce, Inna."

"Wai Asabar zai zo da mota." Ta shafa kan Gimbiya. "Ni na san abin da ke ƙirjina tun bara, 'yar nan. Na ji irinsa a ƙirjin mutane ba adadi. Kin yi abin da ya kamata, amma ba zan ce na gode ba. Miƙo min baƙin nan."

Washegari ba ta yi fushi ba, sai bayani. Gimbiya na buƙatar abinci ninki biyu, ta ce, tunda tana ci da na ciki. In lokacin ya matso za ta fara neman lungu, a ajiye mata kwali mai tsabta inda ba hayaniya, kuma a raba ta da manyan don kada su shanye nonon farko. In ta haifi na cikin ta yaye su, a kai ta wurin likita ya tsayar mata da haihuwar. "Ta huta haka nan. Ni ma da na ga mace a irin halinta, abin da zan gaya wa mijinta ke nan."

Ranar Juma'a da safe Tela ta ba 'yan marayun madara a gabanta. Tsohuwar ta ɗora baƙin a tafin hannu ta auna nauyinsa.

"Ya ƙaru. Je ki ƙarasa rigar mutane."

Tela ta koma kan keke ta bar ƙofa a buɗe, tana hango gefen kujerar da hannun tsohuwar a kan cinya. Ta haɗa wuya, ta kafa hannu ɗaya. Da lokaci ya yi ta dama madara ta tsallako tana cewa, "Inna, yau ke za ki ba farin." Ba amsa. Kanta ya ɗan karkata a kan filo, gilashinta ya zamo kan hanci. Tela ta ajiye kofin a ƙasa, ta kama hannun, da sauran ɗumi. Ta kira ta sau uku. Sannan ta yi salati, ta cire mata gilashin, ta fita ta buga ƙofar maƙwabta.

Injiniya ya iso da yamma, kwana ɗaya kafin alkawari. Washegari gidan ya cika da mata, da yawa ɗauke da 'ya'yan 'ya'yan da tsohuwar ta karɓi haihuwarsu. Ana tsaka da gaisuwa Tela ta dubi agogo, ta sulale zuwa ɗakinta inda ta mayar da Gimbiya da kwalin 'ya'yan. Tana cikin ɗura madara ta ji sallama. Injiniya ne, ƙaton mutum mai furfura a gemu. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya tsuguna.

"Su ne marasa lafiyar?"

"Su ne, Yaya." Ta ajiye sirinjin. "Da na kira ka tun da wuri…"

"Da kin kira ni ma ba za ta biyo ni ba. Na san uwata." Ya dubi sirinjin. "Yaya ake yi?"

Ta nuna masa. Ya kwantar da farin rub da ciki a tafinsa, yana ɗiga madarar yana jira. Haka suka yi ta yi har kofin ya ƙare.

Aka aiko ana nemansa a waje. Ya miƙe ya nufi ƙofa, sai ya tsaya. Baƙin ya rarrafo ya shige cikin takalminsa na hagu, ya naɗe, wutsiyarsa kaɗai ke waje. Injiniya ya sa na dama, ya zauna a kan dakali da safa a ɗaya ƙafar, yana jira.