Zaren Ruwan Don Hipólito

Don Hipólito ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da hantsi, hularsa a hannu duk da ƙanƙarar da ta kwana tana zuba. Da na ga hular a hannu na san akwai magana, don duk garin Esquel ba wanda yake cire wa hula sai matarsa da limamin coci.

"Kompadre, kana da lambar Fermín mai gyaran gas?"

Na ce ina da ita. Na ɗora buta a wuta, na cika ƙoƙo da mate, shayin ganyen da muke sha a nan, na miƙa masa, na zauna. Hipólito mutumin jeji ne, ya tsufa yana kiwon tumaki kafin ciwon gwiwa ya koro shi gari, kuma irinsu ba a tambayarsu. Sai da ƙoƙon ya je ya dawo tsakaninmu sannan zance ya fito.

Matarsa Doña Nélida tana asibiti, an yi mata aiki a ƙugu, a ranar nan za a sallame ta. 'Yarsu Griselda, wadda ni na riƙe ta ranar baftisma a coci, shi ya sa yake ce mini kompadre, ta taso daga garin Trelew da mota, ta kuma gindaya sharaɗi. Za ta biyo da uwar ta duba gidan. In komai daidai yake, tsohuwa ta zauna ɗakinta. In ba haka ba, ta wuce da ita Trelew sai sanyi ya fita.

"To ai gidanka ɗumi kamar tanda," na ce.

"Ɗaki da ɗumi. Ruwa ne ya ƙi." Ya dubi cikin ƙoƙon. "Kalderar nan mai zafafa mana ruwa tana gasa ƙarafunan ɗumama ɗaki har ba ka iya dafa su. Amma ka buɗe famfo, ruwa kamar na ƙoramar dutse."

"Tun yaushe?"

"Tun da tsohuwa ta tafi."

"Da me kake wanka?"

"Da buta, kamar kowane mutumin kirki."

Fermín ya iso da jakarsa a kafaɗa. Gajere ne mai baki, in yana aiki da na'ura yake hira, ba da masu gida ba. Ya cire murfin kaldera a kicin, ya dubi wutar tana ci shuɗiya, ya shafa gefenta.

"Yarinya, wa ya ɓata miki rai? Ko kema kewar Doña Nélida kike yi?"

"Ka yi aikinka, Gajere," in ji Hipólito.

Fermín ya ce ya san cutar tun daga waya. Akwai wani bawul a ciki mai raba hanya, shi ke tura zafi ko dai zuwa ƙarafunan ɗaki ko zuwa famfo, kuma in ya tsufa yakan maƙale gefe guda. Ya kashe gas, ya kwance bawul ɗin, ya juya shi a hannu, ya hura. Bawul lafiya lau. Ya mayar yana ƙunƙuni. Ya duba maɓallin zafin ruwa, yana inda ya kamata.

"Don Hipo, buɗe mini ruwan zafi."

Hipólito ya murɗa famfo. Ruwa ya zubo siriri kamar zaren ɗinki.

"Buɗe sosai mana, ba turare ba ne."

"A buɗe yake."

Fermín ya zo ya murɗa da kansa har ƙarshe. Zare dai. Ya ce to rariyar bakin famfo ce ta toshe da yashi. Ya kwanto ta, ya ɗaga ta wajen taga, fes. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya da sifana. Ya buɗe na ruwan sanyi, shi ma zare.

"Don Anselmo," ya ce mini, "ruwan unguwar nan ya yi ƙasa ne?"

Na ce nawa in na buɗe har fantsama yake yi.

"Ina babban makullin ruwan gidan nan?"

Hipólito ya matsa a hankali ya jingina da ƙaramar ƙofar da ke ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, ya harɗe hannuwa, yana kallon rufi kamar mai duba hadari.

A daidai nan muka ji mota ta tsaya. Griselda ta shigo tana kakkaɓe takalma, ta sumbaci uban, ta sumbace ni, ta ga Fermín da kayan aiki baje a ƙasa.

"Baba, mene ne wannan? Jiya ka ce mini komai lafiya."

"Gaisuwa ya shigo yi."

"Da sifana?"

Fermín ya durƙusa ya ture ƙafar tsohon da ladabi, ya buɗe ƙofar. Ga makullin nan an murɗe shi saura ƙiris ya rufe, an kuma ɗaure shi da tsirkiyar fata, irin ƙullin da ake yi wa ƙofar garke. Fermín ya zauna daɓas yana dariya har da tari.

"Don Hipo! Ka shaƙe wa kaldera wuya kana cewa ta ƙi magana! Akwai ɗan farfela a cikinta, sai ruwa ya wuce da ƙarfi ya juya shi sannan take sanin an buɗe famfo. Wannan zaren naka ko sauro ba zai tayar ba. Ƙarafunan ɗaki kuwa ruwansu daban, zagaye yake yi, ba ruwansu da rowarka."

Ya kwance tsirkiyar ya buɗe makullin. Famfo ya yi atishawa ya ɓarke, kaldera ta ce buf, ba a jima ba tururi ya tashi.

Griselda ba ta yi dariya ba.

"Ka gani ko, Baba? Ka rufe ruwa da hannunka, ka zauna kana wanka da buta, ka kuma ɓoye mini. A nan zan bar Mama da ƙugu ɗinkakke?"

Hipólito ya juya hularsa a hannu.

"A jeji ganga ɗaya muke sha mu yi girki mu yi wanki," ya ce. "Uwarki ke ɗauko ta daga rijiya, tana da cikinki. Ni kaɗai a gida, in tsaya ina jin ruwa yana kwarara saboda kofi ɗaya? Kunnena ba ya ɗauka."

"Mama za ta bi ni. Bari in haɗa kayanta."

Sai muka ji ham ɗin mota, dogo, ba sassauci. Muka fita gaba ɗaya. Doña Nélida tana kujerar gaba cikin bargo, ta sauke gilashi.

"An manta da ni ne, ko an sayar da ni tare da motar?"

Griselda ta faɗa mata komai, Fermín yana ƙara gishiri, har ya ɗaga tsirkiyar ya nuna. Tsohuwa ta karɓa ta duba ƙullin, sannan ta dubi mijinta tun daga takalmi har furfura.

"Tsoho, tun ranar da muka tare a gidan nan kake zawarcin makullin nan. Ina juya baya ka samu."

"Kaɗan na rage."

"Griselda, sauko mini da sandata."

"Mama, yanzu fa kika ji abin da ya yi."

"Na ji, shi ya sa. 'Yan kwanaki na yi ya rufe ruwa. In na yi lokacin sanyi guda a Trelew, zan dawo in tarar ya haƙa rijiya a falo, tumaki suna kwana a banɗaki. Wa zai tsare mini gida?"

"Wa zai kula da ke?"

"Shi mana. Ya yi jinyar tumaki masu karaya sun fi ɗari, ba wadda ta kai ƙara."

Griselda ta dube ni tana neman mai goya mata baya. Na dubi ƙanƙara.

Ni da Hipólito muka tallafo ta, taku ɗaya a hankali sannan wani. Da muka shiga kicin famfo yana nan yana kwarara, tururi ya rufe taga. Na ji hannunsa ya saki kafaɗarta yana lallaɓawa wajen famfon.

"Bar shi," in ji ta. "Tara baho. Warin asibiti nake yi, kai kuma warin buta."